Wasan Golf a Jami'ar Jihar Ohio: Bayani Ga Iyayen Da Ke Sa Ran Tallafin Karatu

A 'yan shekarun nan an sha yi mini tambaya, musamman iyayen da 'ya'yansu suka shiga sakandare a nan Amurka, wai shin da gaske ne yaro zai iya yin karatun jami'a kyauta ta hanyar wasan golf? Wasu ma sun ji an ce na 'yan mata ya fi sauƙi, wai kuɗin tallafi na nan jibge babu masu ɗauka. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma yadda ake yaɗa ta a tsakaninmu tana iya sa mutum ya zuba dukiyarsa a inda ba za ta dawo ba. Don haka na ga ya dace in ɗauki babbar jami'a guda ɗaya wadda na fi sani, watau Jami'ar Jihar Ohio da ke birnin Columbus, in bayyana yadda ƙungiyoyinta biyu na golf suke, ta maza da ta mata, domin kowa ya yi lissafinsa da idonsa a buɗe. A lura, akwai wata jami'ar daban mai suna Jami'ar Ohio a garin Athens, kada a haɗa su.

Jami'ar da filayenta

An kafa Jami'ar Jihar Ohio a 1870, kuma tana cikin mafi girma a ƙasar, don ɗaliban da ke harabarta ta Columbus kaɗai sun kai wajen dubu 60. Ana kiran 'yan wasanta Buckeyes, sunan wata bishiya ce da aka san jihar da ita. Tana da ƙungiyoyin wasanni 36, tana kuma cikin rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten, wanda duk da sunansa jami'o'i 18 ne a cikinsa tun 2024.

Filayen golf guda biyu gare ta a unguwar Upper Arlington, an raɗa musu sunan launukan jami'ar, ja da ruwan toka, watau Scarlet da Gray. Wanda ya fara zana su shi ne Alister MacKenzie, mutumin da ya zana filin Augusta inda ake gasar Masters, sai dai ya rasu a 1934 kafin a gama aikin. An buɗe Scarlet a 1938, Gray kuma ya kammala a 1940. Tsakanin 2005 da 2006 Jack Nicklaus ya sake gyara Scarlet, aka ƙara masa tsawo da wuya. Shi ne filin da ƙungiyoyin biyu ke ɗauka a matsayin gida, kuma tun 2007 ƙwararrun 'yan wasa na rukunin da ke ƙasa da PGA Tour suke zuwa yin gasa a kansa. Abin da nake son mai karatu ya fahimta shi ne, ɗalibin da ke cikin ƙungiyar nan kullum a filin ƙwararru yake atisaye.

Yadda ake gasar

Ga waɗanda ba su taɓa kula da wasan ba: filin golf yana da ramuka 18, ana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa kowane rami, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane rami an ƙayyade masa bugu 3, 4 ko 5, idan aka haɗa na filin duka yakan kama 70 zuwa 72, wannan adadin shi suke kira par.

A gasar jami'o'i kowace ƙungiya tana fito da mutum biyar, a kowane zagaye a ɗauki makin huɗun da suka fi kyau a haɗa, a jefar da na biyar. Yawancin gasanni ramuka 54 ne, zagaye uku ke nan, kuma sau da yawa akan yi zagaye biyu a rana ta farko, tun sassafe har magariba. Babu mai ɗaukar musu jaka, kowa da kansa yake saɓa sandunansa ko ya tura su a ɗan keke. Iyayen da yaransu ke azumi su san da wannan, don idan Ramadan ya faɗo cikin kakar wasa, magana ce da ya kamata a yi da koci tun da wuri.

Kakar wasan kashi biyu ce, Satumba zuwa Oktoba, sa'an nan Fabrairu zuwa Mayu. A ƙarshe akwai gasar Big Ten, sai gasar shiyya, sai gasar ƙasa ta hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i, inda ƙungiyoyi 30 ke haɗuwa. Bayan zagaye huɗu sai a ware takwas na sama su kara da juna, mutum da mutum, wanda aka doke ya tafi gida. Maza sun koma wannan tsari a 2009, mata a 2015.

Sanyi babbar matsala ce ga jami'o'in arewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu filayen Ohio sau da yawa ba sa buguwa, sai dai atisaye a cikin gini da tafiye-tafiye zuwa jihohin kudu, alhali takwarorinsu na Florida da Texas da Arizona suna waje duk shekara. Shi ya sa idan jami'ar arewa ta ɗauki kofin ƙasa ake ta maganarsa, kamar yadda mazan Minnesota suka yi a 2002, matan Purdue a 2010, da matan Northwestern a 2025.

Ƙungiyar maza

Mazan Ohio sun ci kofin ƙasa sau biyu, a 1945 ƙarƙashin koci Robert Kepler, da 1979 ƙarƙashin Jim Brown. Amma duk wanda ya ambaci golf a wannan jami'a, Jack Nicklaus yake nufi. Ɗan Columbus ne, an haife shi a 1940, mahaifinsa mai kantin magani ne, shi ma da niyyar karanta harhaɗa magunguna ya shiga jami'ar. Yana ɗalibi ya ci gasar ƙasa ta waɗanda ba ƙwararru ba a 1959 da 1961, ya kuma ci kofin NCAA na ɗaiɗaiku a 1961. A ƙarshen wannan shekara ya koma ƙwararre, ya bar jami'ar bai kammala digiri ba, daga baya ya ci manyan gasanni 18, adadin da har yau babu wanda ya kamo, har da Tiger Woods mai 15. Akwai gidan tarihi da sunansa a cikin harabar jami'ar, wanda ya kawo yaro ziyarar makaranta yana iya leƙawa.

Bayansa an yi Tom Weiskopf, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1973, da John Cook da Joey Sindelar waɗanda ke cikin ƙungiyar 1979. Ni dai labarin da na fi so in ba iyaye shi ne na Neal Shipley, domin ya fi kama da abin da zai iya faruwa da ɗan kowa. Bai fara a Ohio ba, daga Jami'ar James Madison da ke Virginia ya canjo, da digirinsa na farko a hannu. A 2023 ya zo na biyu a gasar ƙasa ta waɗanda ba ƙwararru ba, wannan ya ba shi damar shiga Masters a 2024, inda a ranar ƙarshe aka haɗa shi bugu da Tiger Woods, ya kuma karɓi kyautar wanda ya fi kowa a cikin waɗanda ba ƙwararru ba. Bayan wata biyu ya maimaita haka a US Open. A wannan shekarar ce ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙasa, Auburn ta fitar da ita. Darasin da ke cikin tafiyarsa shi ne ba lallai yaro ya fara daga babbar jami'a ba.

Ƙungiyar mata

Nan ne tarihin ya fi daɗi, ko da yake zuwa gasar 2025 matan ba su taɓa ɗaukar kofin NCAA ba. Gasar golf ta ƙasa ta farko tsakanin ɗalibai mata na jami'o'in Amurka, a filin wannan jami'a aka yi ta a 1941. Wata malama mai suna Gladys Palmer, shugabar sashen motsa jiki na mata, ita ta tsaya tsayin daka aka shirya ta, a lokacin da takwarorinta mata da yawa a wasu jami'o'in ke ganin gasa irin wannan ba ta dace da 'ya mace ba. Eleanor Dudley ta Jami'ar Alabama ce ta ci. Sai bayan shekara 41, a 1982, NCAA ta fara shirya gasar mata da kanta. A tsakani kuma an yi dokar da ake kira Title IX a 1972, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har a fagen wasanni. Duk tallafin da 'yan mata ke samu a yau daga wannan doka ya samo asali.

Akwai sunan da nake so kowace yarinya baƙar fata da ta riƙe sandar golf ta sani, shi ne Renee Powell. Mahaifinta Bill Powell ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ya tarar ana hana shi shiga filayen golf a jiharsa saboda launin fatarsa. Sai ya nemo rance ya sayi gona a East Canton, nan Ohio, a 1946, ya shiga gina filinsa da hannunsa, yana aikin gadi da dare. A 1948 ya buɗe ramuka tara na farko, ya sa wa wurin suna Clearview, kuma shi ne filin golf na farko a Amurka da baƙar fata ya zana, ya gina, ya mallaka. A nan Renee ta koyi wasan. Ta yi karatu a Jami'ar Ohio ta Athens, daga baya ta dawo ta Columbus, kuma a duka biyun ita ce kyaftin ɗin mata. A 1967 ta shiga rukunin ƙwararrun mata na LPGA, ta zama baƙar fata ta biyu bayan Althea Gibson. A tuna fa, ƙungiyar ƙwararru ta PGA ba ta cire sharaɗin nan na cewa sai farar fata ne zai zama mamba ba sai a 1961, shekarar da Nicklaus ke cin kofunansa. A 2015 Renee na cikin matan farko da tsohon kulob ɗin St Andrews na Scotland ya ba mambancin girmamawa.

Daga baya ƙungiyar ta fitar da Rosie Jones, wadda ta ci gasanni 13 a LPGA, da Meg Mallon mai 18, ciki har da US Open na mata a 1991 da 2004. Therese Hession ta horar da matan kusan shekara 30 tun daga 1991, a 2018 kuma aka ɗora ta a kan shugabancin golf na jami'ar gaba ɗaya, maza da mata. Tsohuwar ɗalibarta Lisa Strom ce ta gaje ta a horar da mata a 2021.

Maganar kuɗi

To ga inda gizo ke saƙar. Kafin 2025, dokar NCAA ta ƙayyade wa jami'o'in rukuni na ɗaya tallafin da bai wuce na mutum huɗu da rabi ba ga maza, shida ga mata. Koci yakan yayyanka wannan ya raba wa 'yan wasa takwas ko goma, wani ya sami rabi, wani rubu'i, wani kuɗin littattafai kawai. Wannan bambanci na shida da huɗu da rabi shi ne tushen jita-jitar cewa na mata a ɓagas yake. Mai yiwuwa wata ƙaramar kwaleji a wani lungu ta rasa 'yan mata, amma jami'a irin Ohio tana zaɓe ne daga cikin gwanayen Amurka da Turai da Asiya.

A watan Yunin 2025 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wadda tsofaffin 'yan wasa suka kai NCAA. Sulhun ya soke waccan ƙayyadewa ga jami'o'in da suka shiga tsarin, har da duk na Big Ten, ya maye gurbinta da ƙayyade yawan 'yan wasa. A golf, mutum tara ne ga maza, tara ga mata, ban da waɗanda sauyin ya tarar a ciki aka yi musu rangwame. Jami'a tana da ikon ba duka taran cikakken tallafi, amma babu dokar da ta tilasta mata. Sulhun ya kuma ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kuɗi kai tsaye, kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko, sai dai a sanarwar da Ohio ta yi a 2025 wasanni huɗu ta ware wa nata kason: ƙwallon Amurka, ƙwallon kwando na maza da na mata, da ƙwallon raga na mata. Golf ba ya ciki.

Yanzu a yi lissafi. Gurbi tara a raba shi shekara huɗu, ke nan kowace ƙungiya mutum biyu ko uku take ɗauka a shekara, wani lokaci ma ɗaya daga cikinsu ɗalibi ne da ya canjo daga wata jami'ar. A da yaro yakan iya shiga jami'a da kuɗinsa ya roƙi koci ya gwada shi, yanzu wannan ƙofar ta ƙara tsukewa. Yaran da ake ɗauka kuwa, masu buga kusan par ne a filaye masu wuya, a gasa, ba a wasan nishaɗi na ƙarshen mako ba.

Kafin yaro ya kai wannan matsayi an yi shekaru ana biyan kuɗin sanduna, da na mai koyarwa, da na shiga gasa, da otal, da mai ko tikitin jirgi. Ni a ganina, wanda ya sa ɗansa golf don kawai ya tsira daga kuɗin jami'a, gara ya zuba kuɗin a asusun ajiyar karatu na 529, ya kuma matsa wa yaron ya riƙe makinsa na aji, domin tallafin hazaƙa da na masu ƙaramin ƙarfi ya fi na wasanni yawa nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya ga ɗansa ko 'yarsa na son wasan da gaske, har sai an kira shi ya dawo gida, to wannan magana ce daban. A kuma tuna cewa a Ohio ɗalibin da ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa yana biyan kusan ninki uku na kuɗin makarantar ɗan jiha, saboda haka rabin tallafi ga baƙo yana iya barin sa da nauyin da ya fi na ɗan jihar da bai sami ko sisi ba.

Hanyar shiga

Yaro zai yi rajista da ofishin tantancewa na NCAA, tun yana aji 9 ko 10 ya fi. Rukuni na ɗaya yana buƙatar darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 a cikinsu. NCAA ta daina neman sakamakon SAT ko ACT a 2023, amma jami'a tana iya neman nata, a duba. Koci ba shi da izinin tuntuɓar yaro sai daga 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, ko da yake tun kafin nan suna bin sakamakon gasannin matasa, musamman na ƙungiyar AJGA, da jerin gwanayen duniya na waɗanda ba ƙwararru ba. Wanda ke Ingila ko Saudiyya ko gida Najeriya, wannan jerin na duniya shi ne madubin da ake ganinsa da shi. Kada yaro ya karɓi kyautar kuɗi a wata gasa sai an tambayi ofishin tantancewa. Tun 2021 an yarda ɗan wasa ya sami kuɗin talla da sunansa, amma mai bizar ɗalibi ta F-1 dokar shige da fice ta ɗaure masa hannu a kan wannan, sai da shawarar lauya.

Idan Ohio ta yi nisa, akwai rukuni na biyu da ke ba da ɗan tallafi, akwai kwalejojin shekara biyu, akwai rukuni na uku da ba ya ba da tallafin wasa sam amma yakan ba da na karatu. Jami'ar Howard ta baƙar fata da ke Washington ta kafa ƙungiyoyin golf na maza da mata a rukuni na ɗaya bayan ɗan ƙwallon kwando Stephen Curry ya ɗauki nauyinsu a 2019. Ga masu farawa kuma, shirin First Tee da aka kafa a 1997 yana koya wa yara da kuɗi kaɗan a birane da yawa.

Ƙofar masu ɗaukar jaka

Wanda ya san filin golf na Kano ko na Kaduna ko Rayfield na Jos ya san yaran nan masu ɗaukar wa manya jakar sanduna, kuma ya san da yawa daga ƙwararrun Najeriya daga nan suka taso. A nan Amurka wannan aiki yana da tallafin karatu nasa na musamman, kuma shi ne na fi so iyayenmu su sani, don ba ya buƙatar yaro ya iya buga ƙwallo ko kaɗan.

Sunansa tallafin Evans. Chick Evans tsohon mai ɗaukar jaka ne a Chicago wanda ya ci US Open da gasar waɗanda ba ƙwararru ba duk a 1916, ya sadaukar da kuɗin da wasan ya jawo masa don karatun yara irinsa. A 1930 aka tura ɗalibai biyu na farko Jami'ar Northwestern. Ƙungiyar Western Golf Association ce ke gudanar da shi, ribar gasar BMW Championship kuma tana shiga asusunsa, ɗaliban da ke cin moriyarsa a lokaci guda sun haura dubu, maza da mata. Yana biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya da wurin kwana, kuma Jami'ar Jihar Ohio tana cikin jami'o'in da ke da gidan ɗaliban Evans.

Abubuwa huɗu ake dubawa: yaro ya yi aikin ɗaukar jaka sosai na aƙalla shekara biyu a kulob ɗin da zai tsaya masa, makinsa na aji ya yi kyau, iyayensa su kasance masu buƙatar taimako, sa'an nan a shaide shi da halin kirki. Aiki ne na tashin asuba a hutun bazara, ana yini a rana ana tafiya da kaya a kafaɗa, amma ana biyan yaro ladan kowane zagaye. Na san wasu iyayenmu za su ji nauyin a ce ɗansu ɗan dako ne, alhali a nan 'ya'yan likitoci ma suna yi. Tunda ana neman tallafin ne a farkon aji 12, yaron da ke so sai ya je kulob mafi kusa da gidansu ya tambayi shugaban masu ɗaukar jaka tun yana aji 9, ko a makare aji 10.